Wane abin sha ne abokin wane abinci? Ilimin da ke neman kuɓuce wa Anka, Gummi da Bukkuyum

A tashar mota ko bakin kasuwa a Anka, Gummi ko Bukkuyum, da wuya a ga mai ƙosai ta kafa kaskonta nesa da mai koko. Haka shi ma mai tsire, ba a cika rasa yarinya da kular zoɓo a kusa da tukubarsa ba. Babu hukumar da ta tsara wannan zama, babu kuma littafin da aka rubuta shi a ciki. Bakin masu saye ne ya tsara shi, tun kaka da kakanni.

A Faransa, sanin abin shan da ya dace da kowane abinci sana'a ce da ake shiga makaranta domin koyonta. A yankin Alzas da ke gabashin ƙasar, kan iyaka da Jamus, ana noman wani nau'in inabi mai suna Gewurztraminer, wanda ake yin farar giya da shi. Farkon sunan a Jamusanci yana nufin kayan ƙamshi, domin ƙamshinta mai ƙarfi ne, kamar na furen wardi. Masana abincinsu sun ce ba ta tafiya da abinci mai sanyin ɗanɗano, don za ta danne shi. Sai dai a haɗa ta da cuku mai wari irin na garin Munster, ko girkin Asiya mai yaji. Tun 1962 doka ta kare sunan giyar yankin, ta yadda wani ba zai yi tasa a wani wuri ya laƙaba mata sunan Alzas ba. A 2010 kuma hukumar UNESCO ta sanya tsarin cin abincin Faransawa cikin kayan gadon al'adun duniya, har da wannan batu na haɗa abinci da abin sha.

Maganar giya ta tsaya a nan. Haramun ce a Musulunci, kuma Zamfara ce jihar farko da ta faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a wannan zamani, bayan sanarwar Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura a Gusau cikin Oktoban 1999, aka fara aiki da ita a Janairun 2000. Abin lura kawai shi ne, ƙa'idar da Bafaranshe ke taƙama da ita, wato mai ƙarfi sai mai ƙarfi, tsami na yanka maiƙo, zaƙi na kwantar da yaji, duk wata tsohuwa a yammacin Zamfara ta san ta, ba tare da ɗigon barasa ba. Bambancin shi ne su sun rubuta tasu, sun kafa mata doka. Ta nan kuwa a bakin mata take, kuma abubuwan da ta dogara a kansu, wato nono da hatsi da ruwa mai tsabta, su ne rikicin yankin ya fi taɓawa.

Tsami da maiƙo

A fara da zoɓo, tunda shi ne ya fi kowanne launi da ƙamshi. Shuka ɗaya ce ke ba da abu uku. Ganyenta shi ne yakuwa, wanda a ƙasar Sakkwato da Zamfara aka fi sani da sure, ana miya da shi. Ƙwayarta ana daddawa da ita. Jan ɓawon da ke rufe da ƙwayar kuwa, shi ake shanyawa bayan kaka a dafa ko a jiƙa, ya zama zoɓo ko soɓorodo.

Zoɓo na da tsami da ɗan bauri, kuma nan amfaninsa yake a gaban nama. Wanda ya ci tsire ko balangu, kitse da man ƙuli kan lulluɓe masa harshe, loma ta biyar ba ta kai ta farko daɗi. Kurɓi ɗaya na zoɓo mai sanyi sai ya wanke bakin, yaji ya dawo sabo. Shi ya sa yake tafiya da ɗanwake da aka malale da mai da yaji, da dafa-duka, da soyayyen kifi irin wanda ake samu a garuruwan bakin Gulbin Zamfara. Amma a gwada shi da tuwon dawa miyar sure, sai a ji tsami ya hau kan tsami, babu mai taimakon wani. Masu girki ba sa haɗa su, ko da ba su taɓa bayyana dalili ba.

Akwai wata 'yar dabara da masu dafa zoɓo ke yi wadda ta cancanci ajin kimiyya. Idan tsamin ya yi yawa, sai su jefa 'yar kanwa. Nan take tsamin zai ragu, launin kuma ya tashi daga ja mai haske ya koma duhu. Sinadarin da ke ba zoɓo launi ne ke sauyawa gwargwadon tsamin ruwan. Wanda ya ga zoɓo ya yi baƙi-baƙi, to hannun mai kanwa ya yi nauyi, kuma irin wannan ba ya iya aikin yanka maiƙo da aka san zoɓo da shi. Zaƙi kawai ya rage masa.

Koko da ƙosai ma wannan lissafin ne, sai dai da zafinsa. Gasarar da ta kwana ta yi tsami, aka dama ta da citta da kanumfari da ɗan barkono, ita ke sauƙaƙa man da ƙosai ya sha a kasko. Ta fuskar gina jiki kuma haɗin ya fi yadda ake zato: abin da gero ya gaza da shi na sinadarin gina jiki wake na da shi, abin da wake ya rasa kuma gero ya cike. Talakan da ya karya da koko da ƙosai bai ci abin raini ba.

Da azumi kuwa kunun tsamiya ne sarki. Cikin da ya wuni babu komai ba ya son a fara masa da nauyi, kuma bakin mai azumi ya fi karɓar abu mai ɗan tsami da ɗumi. Bayan dabino da ruwa, kunun tsamiya ke buɗe hanya, ƙosai ko masa su biyo baya. Kunun gyaɗa ya fi shi kauri da maiƙo, shi ya sa ake tsinka shi da ruwan tsamiya ko lemon tsami. Idan babu wannan tsamin, cokali kaɗan za a sha ya gundure.

Hura ba ta neman aboki

Fura, ko hura a bakin mutanen yankin, ba ta shiga wannan lissafi kai-tsaye, domin ita kanta abinci ce. A ƙauyukan Bukkuyum da Anka ita ce abincin rana na manomi. Gero ne da aka daka da citta, kanumfari, masoro da barkono, aka dafa, aka kirɓa, aka cura, sannan aka dama da nono. Haɗin ya riga ya kammala a cikin ƙwarya ɗaya: yajin dawo yana da ƙarfi, nono na da tsami da sanyi.

Dalilin da ya sa nono ke kashe zafin barkono fiye da ruwa sananne ne. Sinadarin da ke sa barkono zafi ba ya narkewa a ruwa, a maiƙo yake narkewa, kuma akwai wani sinadarin gina jiki a cikin madara da ke kama shi ya ɗauke shi daga harshe. Wanda yaji ya kama ya kwankwaɗi ruwa, yaɗa zafin kawai ya yi. Wanda ya kurɓi kindirmo ya huta. Shi ya sa kilishi, wanda ba shi da ɗigon ruwa a jikinsa kuma ga yaji, ya fi daɗi idan hura na gefe.

Haka ma hoce, abincin dawa da ake gasawa wanda aka san Zamfarawa da shi. Abu ne mai cika ciki da riƙe maƙogwaro, ba a cin sa gaya. Ko dai a haɗa shi da ƙuli-ƙuli da mai, ko a bi shi da abin sha mai ruwa-ruwa irin kunun zaƙi. Lemon kwalba ba ya yi masa komai, sai dai ya kumbura ciki.

To amma hura sai da nono, nono kuma sai da shanu a kusa. Nan ne labarin ya daina zama na daɗin baki.

Fiye da shekara goma ke nan satar shanu da hare-haren 'yan bindiga suna tarwatsa rugage da ƙauyuka a Zamfara. Makiyaya da dama an kwashe musu dabbobi, wasu sun yi ƙaura da abin da ya rage musu, wasu kuma tsoron ramuwar gayya ya hana matansu shiga gari da ƙwaryar nono a ka. A Satumban 2021 gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako-mako na dabbobi, aka kuma katse layukan waya domin yaƙi da 'yan bindiga. A farkon Janairun 2022 aka kai munanan hare-hare kan ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin kuma suka ce adadin ya kai kusan 200. Garin Anka ya daɗe yana ɗauke da dubban 'yan gudun hijira.

Cinikin nono ba ciniki ba ne kawai. Shi ne zaren da ya ɗaure Bafulatana da matar Bahaushe: wannan ta kawo nono da man shanu, waccan ta ba da gero ko kuɗi, a gaisa, a tambayi yara. Idan zaren ya tsinke, mai hura a gari sai ta nemi mafita. Tsinka nono da ruwan garin kuka tsohuwar dabara ce ta lokacin rani, sa'ad da shanu ba su da abinci. Sabon abu shi ne nonon da aka haɗa da madarar gari ta buhu, aka bar ta ta kwana ta yi tsami. Yana da fari, yana da kauri, ba kuma laifi ba ne a sha. Amma ba shi da ƙamshin ƙwarya, ba shi da maiƙon da ke tare yajin dawo. Yaron da ya tashi da shi zai ɗauka haka hura take.

Kayan ƙamshin da ke zuwa daga nesa

Abin mamaki, yawancin abin da ke ba waɗannan abubuwan sha ƙamshi ba a gonakin Zamfara yake fitowa ba. Citta daga kudancin Kaduna take zuwa, yankunan Kachia da Jaba da Kagarko. Kimba da masoro 'ya'yan kurmi ne, daga kudu fatake ke kawo su, kamar yadda suke kawo goro. Kanumfari kuwa sai an ƙetare teku, daga irin su Zanzibar da Madagaska da Indunusiya. Tsamiya da gero da zoɓon ne kawai na gida. Ma'ana, ƙwaryar hura ɗaya a Gummi tana ɗauke da tarihin fatauci na ɗaruruwan shekaru.

Shi ya sa abin da ya faru da manoman citta a 2023 ya iso har tukunyar mai kunu a Bukkuyum. A daminar shekarar wata cuta ta ruɓar da mafi yawan cittar kudancin Kaduna, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Mai sayar da zoɓon da ba za ta iya ƙara wa yaran makaranta kuɗi ba, me za ta yi? Sai ta rage citta, ta ƙara barkono don a ji zafi, ta zuba garin ƙamshi na leda da ake kira filebo, mai ƙamshin abarba ko kola. Wasu kuma sukan maye gurbin sukari da sinadarin zaƙi, suwita, mai barin ɗaci-ɗaci a ƙarshen harshe.

Gaskiyar magana, zoɓon filebo ba abokin tsire ba ne. Lemon kwalba ne da ya sa jar riga. Ƙamshin abarba na roba yana danne yajin ƙuli maimakon ya fito da shi, zaƙin kuma ya hana a ji ɗanɗanon naman.

A waje kuwa darajar waɗannan kaya sai ƙaruwa take yi. Busasshen zoɓon arewacin Najeriya, musamman na Jigawa, ana loda shi a kwantena zuwa Meziko, inda suke shan sa da abincinsu mai yaji da maiƙo, daidai da yadda ake yi a nan. A Senegal sunansa bisap, a Masar da Sudan karkade. Aya, wadda ake nomawa sosai a jihar Maraɗi, ana fitar da ita zuwa Sifaniya, inda mutanen Balensiya ke yin irin kunun ayarsu, suna tsoma wani dogon burodi mai zaƙi a ciki. Ayar da ake nomawa a Balensiya tana da rajistar suna da doka ta kare, kamar giyar Alzas. Kunun ayar Hausa, mai dabino da kwakwa da citta, ya fi nasu kayan haɗi, amma ko sunan mai kyau a kan gora ba shi da shi. Ga shi kuma ba ya jure zafi: idan babu ƙanƙara, kafin la'asar ya fara tsami. A garuruwan da wutar lantarki ke zuwa kamar baƙo, wannan kaɗai ya isa ya kori mai sana'a.

Ruwan da injin niƙan

Babu inda maganar abin sha ta fi nauyi kamar Anka da Bukkuyum, saboda abin da ya faru a 2010. A watan Maris na shekarar, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara ƙanana na mutuwa da yawa a wasu ƙauyuka, bayan sun yi ta jijjiga. Bincike ya gano gubar dalma ce. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinare suna ɗauke da dalma mai yawa, kuma a cikin gidaje ake farfasa su, a daka a turmi, a niƙa da irin injin da ake niƙan hatsi. Ƙurar ta bi ƙasar tsakar gida, ta bi ƙwarya, ta bi hatsin da aka shanya, ta shiga rijiyoyi da kududdufai. Aƙalla yara 400 ne suka rasu, dubbai kuma suka kamu. Sunayen Dareta, Abare, Sunke, Yargalma da Tungar Guru sun zagaya duniya. Bagega, wadda ta fi su girma, sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta.

Kowane kunu da aka ambata a sama sai ya bi ta turmi ko inji, sai kuma an dama shi da ruwa. Kuma kunu shi ne abincin farko da ake ba yaro idan za a yaye shi. Dalma ba ta da ɗanɗano, ba ta da wari, tafasa ruwa kuma ba ya kashe ta, domin ƙarfe ce, ba ƙwayar cuta ba. Citta da kanumfari ba su da abin da za su yi mata. Kariya ɗaya ce: turmin dutse daban, turmin hatsi daban, kuma aikin dutse ya yi nesa da gida da rijiya. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage haramcin a Disambar 2024. Tambayar wane inji ne ya niƙa geron nan ba tsegumi ba ce.

Sai kuma ruwan kansa. A 2021 kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,000, Zamfara na cikin jihohin da abin ya fi shafa. A Agustan 2024 ambaliya ta rusa gidaje masu yawa a garin Gummi, kuma duk inda ruwa ya ci gari, masai da rijiya kan haɗu. Koko da kunun tsamiya suna da sauƙi, tunda da tafasasshen ruwa ake dama su, a sha da zafi. Matsalar tana ga masu sanyi. Zoɓon da aka dafa da kyau yana iya lalacewa a matakin ƙarshe, wajen tsinka shi da ɗanyen ruwa, ko jefa ƙanƙarar da ba a san da wane ruwa aka yi ta ba, ko ɗura shi a gorar roba da aka tsinto aka ɗauraye sama-sama.

Wannan tsoro ne ke tura iyaye da masu biki wajen lemon kwalba, kuma ba za a ga laifinsu ba. A rufe yake, an san daga inda ya fito. Sai dai kwalba mai rabin lita na iya ɗauke da sukari kusan giram 50, wanda shi ne kimanin iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya sha a wuni guda. Harajin naira 10 kan kowace lita da gwamnati ta sa wa irin waɗannan lemuka a dokar kuɗi ta 2021 bai hana kiret-kiret shiga gidajen suna da ɗaurin aure ba. Yanzu a taro da yawa, ko waina aka kawo, ko shinkafa, ko tuwo, abin sha ɗaya ne. Tambayar me ya dace da me ba ta ma tasowa.

Shayi ma ya samu wurin zama, kuma da burodi da ƙwai babu mai ja da shi. Amma likitoci na jan hankali cewa shan baƙin shayi a kan abinci yana rage yawan sinadarin ƙarfe da jiki ke tsotsa daga wake da ganye, abin da ya shafi masu ciki da yara a yankin da ƙarancin jini ya yi yawa. Abin sha mai lemon tsami kuwa taimaka wa jiki yake yi wajen tsotsarsa. Wanda ya ci ɗanwake ko kwaɗon zogale, gara ya jinkirta shayin kamar awa guda.

Har yanzu akwai matan da ba su sauya hannu ba. Ana gane zoɓonsu da ja mai haske da ƙamshin kanumfari tun kafin a buɗe gora, ana gane kununsu da ɗan zafin citta da ke tsayawa a maƙoshi. Yawancinsu ba su da shago, ba su da lambar NAFDAC, 'ya'yansu ne ke kai wa tasha da ƙofar asibiti. Cikinsu akwai waɗanda suka baro ƙauyukansu da 'yan kayan da suka iya ɗauka, kuma da wannan sana'a suke ciyar da marayu a Anka da Gummi. Jarin bai wuce tukunya da rariya da kwanon zoɓo ɗaya ba, sai kuɗin ƙanƙara da na jarkar ruwa, waɗanda a ranar da rana ta yi zafi su ke cinye rabin ribar.